Ranar da Ya'u Ya Yi Aiki da Sunana

Sharada, Kano
3 ga Yuni

Zuwa ga matata Ladidi,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya ƙafar taki? Ina fata kina shan maganin, ba tura shi ƙarƙashin filo kike yi ba kamar yadda kika saba. Na iso lafiya, na sauka wurin abokina Tanko.

Na ce miki shi na zo dubawa. Ƙarya na yi miki, Tanko garau yake, har tumbi ya ajiye. Maganar Ya'u ce ta kawo ni.

Kin tuna matan nan huɗu 'yan kamfani da aka tsinci gawarwakinsu ɗaya bayan ɗaya a bakin magudanar Challawa, yau shekara ashirin da ɗaya. Aka kama Ya'u, mutumin Ringim da muke wankin fata tare a kamfanin. Uba mai shayi ya ce ya gan shi tare da mace ta huɗun da safiyar Talata. Ya'u ya ce a lokacin yana bakin inji. Aka ɗauko rajista, babu sunansa, nawa ne a wurin. Aka kira ni kotu, na dafa Littafi Mai Tsarki na ce ni na yi aikin ranar.

Ladidi, Talatar nan ce kika haifi Rahila. Tun safe ina ƙofar ɗakin tiyata. Ranar hutun Ya'u ce, na ba shi katina ya shiga da sunana, kamar yadda kowa ke yi, don wanda ya yi fashin kwana ɗaya sai ya tarar an sa wani a gurbinsa. Da magana ta je kotu, Mamman fomanmu ya ce idan asirin katin ya tonu, mu arba'in za a kora. Na tuna da jaririyarmu, na ɓoye gaskiyar. Ke kuma kina Kagoro wankan jego. Na ce a raina gaskiya za ta fito ta wata ƙofar. Ba ta fito ba, har yau yana gidan yari da hukuncin kisa a kansa.

Akwai wata lauya, Barista Badi'a, da ke tono tsofaffin shari'o'i. Gobe zan je wurinta. Ki yi mini addu'a, ko da kina fushi.

Mijinki,
Gidiyon

Sharada, Kano
14 ga Yuni

Maman Rahila,

Ina gaisuwa da fatan kuna lafiya. Saƙonki ya iso ta bakin direba, gajere ƙwarai, na kuma san na cancanci hakan.

Barista ta saurare ni har ƙarshe, ta rubuta komai. Sannan ta ce mai shaidar da ya canja magana, kotu kan tambaye shi wacce ce ƙaryar, ta jiya ko ta yau. Sai na kawo abin da zai tsaya mini.

Na sha yawo har takalmina ya buɗe baki. Kamfanin namu ya zama sito, shinkafa ake jibgewa inda injinan suke a da. Mamman ya rasu. Katin haihuwar Rahila ya nuna kin haihu ranar, bai nuna inda uban yake tsaye ba. Ke kuma ba ki farfaɗo ba sai da yamma.

Na samu Uba a Dakata, ya tsufa, ido ya yi rauni, amma bakin yana nan. Ya rantse Ya'u ya gani. Na ce ta baya ya hango mutum cikin rigar aiki irin wadda mu duka muke sawa. Sai ya ce to me ya sa kisan ya tsaya da aka kama shi? Ni ban san komai kan sauran ukun ba. Talata ɗaya tak na sani, ita ma na rantse a kan akasinta.

Saura abu guda. Barista ta ce idan Ya'u ya ba da labarin ranar dalla-dalla ya zo daidai da nawa, za ta gwada shigar da takarda a kotu.

Naki,
Gidiyon

Sharada, Kano
21 ga Yuni

Ladidi tawa,

Ina fata kin tashi lafiya. Ni dai ga ni nan.

Jiya muka je gidan yari wurin Ya'u. Na shirya wa zagi, har tofin yawu na shirya wa. Sai aka fito da wani dattijo mai furfura, ba haƙori a gaba. Ya gane ni, ya riƙe hannuna, ya tambayi lafiyar mai jego. Na durƙusa na faɗa masa komai a gaban Barista, ina kuka kamar mara kunya. Ta roƙe shi ya tuna ranar, a bakin wane inji ya tsaya, wa ya gani. Sai ya ce:

"Gidiyon, shekara goma ina faɗa, kowa ya ce ba haka ba ne, har kai mutumin kirki. Sai na ce ƙila ni ne na rikice. Ka tabbata ranar ce na yi maka aikin? Ni yanzu wallahi ban sani ba."

Barista ta rufe littafinta a hankali.

Kada ki sa ran dawowata wannan makon. Ana barin ziyara ran Asabar, zan koma in sake gaya masa. A duniya ni kaɗai na rage da na san inda yake da safen nan, kuma ni ne wanda ba za a yarda da shi ba.

Ki gaida Rahila, amma kada ki gaya mata tukuna.

Mijinki,
Gidiyon