Shatin Yatsu a Hannun Umma

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Kin ce in riƙa kiranki a waya, to ki yi haƙuri, takarda za ki riƙa karɓa a hannun direba. Kin san bangon gidan nan, in na yi atishawa a ɗakina Umma ce ke amsa mini daga nata. Kuma abin da zan faɗa ba na kunnenta ba ne.

Ɗinkin ya warke, alhamdu lillahi. Sai dai hannunta na hagu, ɓangaren da aka cire nonon, ya kumbura tun daga kafaɗa har yatsu, zobenta ma da sabulu muka zare shi. Tabon kuma ya ɗaure ta daga ƙirji har hammata, ta ce ji take kamar an sa mata rigar yara an ɗinke. Ko ɗankwali ni nake ɗaura mata. Likita ya ce tunda an cire kaluluwar hammata, ruwa ne ya rasa hanyar wucewa, ya haɗa mu da wata mai tausa ta asibiti da ke zuwa gida da yamma.

To Yaya, matar nan ni ban gane mata ba. Hannu ne ya kumbura, ita kuma daga wuya take farawa, tana shafawa kamar mai lallashin kyanwa. Tabon ma 'yar kewayawa take yi masa da kan yatsa. Ranar farko Baba ya tsaya a bakin ƙofa da rigarsa ta gidan burodi, ya kalla ya kalla, ya ce, "Wannan tausa ce ko kaɗe ƙura?" Ya juya ya fita. Dama tun dawowarmu daga asibiti ya mai da katifarsa falo, wai kada ya birkice cikin barci ya fama mata.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, in matar ta gama hannun yana saki, har ki ga gwiwar hannu ta fito. Washegari kuwa kafin in taso daga makaranta ya koma, ya ma fi jiya. Umma kuma ta tsiri sa riga mai dogon hannu, in na ce mu gani sai ta ce sanyi take ji. Sanyi, a ɗakin da fanka ba ta hutawa. Ko man da matar ke shafawa ne bai karɓe ta ba, ko kuwa aikin ne ba ta iya ba, Allah masani.

Ki gaishe da yara. Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso, kuma bai yi mini daɗi ba.

Ke malamar makaranta ce, yaro ɗan shekara bakwai ba ya iya ɓoye miki alli a aljihu, amma ana murza hannun uwarki kina zaune kina kallo. Ki tsare matar nan ki tambaye ta. Ki karɓi kwalbar man ki kai wa likita. Ruwa ba ya tsami banza.

Sannan wannan maganar katifar Baba da kika jefo kamar ba komai ba, ita ta fi tsaya mini. Yana shiga ɗakin kuwa? Yana zama su yi hira? Ki amsa mini wannan, ki bar ni da labarin fanka.

Ki gaida Umma da jiki.
Yayarki

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Na shirya tsare mai tausa kamar yadda kika ce, sai ga shi ita ta riga ni. Jiya da ta gama ta yafuto ni, muka tsaya bayan tankin ruwa, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke ce kike jinyarta?" Na ce ni ce. Ta ce, "To wa ke matsa mata hannu?"

Ashe duk kallon da nake yi mata, ita ma irinsa take yi mini.

Ta ce ruwan nan a ƙarƙashin fata yake, ba a cikin tsoka ba, hanyoyinsa kuma sirara ne. Da shafa ake kora shi, shi ya sa take fara buɗe masa hanya daga wuya. In aka danna da ƙarfi hanyoyin ne ke toshewa. Ta ce in aka ci gaba a haka hannun zai iya taurarewa ya zauna a kumbure, ko fatar ta fashe ciwo ya shiga. Sai ta ja ni ɗaki, Umma na gyangyaɗi, ta ɗage hannun rigar.

Yaya, shatin yatsu ne. Huɗu a saman damtse, babban yatsa a ƙasa, jini ya kwanta. Akwai sababbi, akwai waɗanda suka fara dusashewa. Mai tausa ta ce in ɗora hannuna a kai. Na ɗora, ko kusa bai kai ba. Ta ɗora nata, shi ma bai kai ba. Sai ta ɗauki jakarta ta tafi.

Da Umma ta farka na tambaye ta, ta ce ƙofar banɗaki ce ta buge ta. Na ce, "Umma, yaushe ƙofar ta yi yatsu?" Ta ce in tashi in ba ta wuri, ba ta son rashin kunya.

Kin tambaye ni game da Baba. A gabana ba ya shiga, daga bakin ƙofa yake cewa ya jiki. Amma kin san da hantsi yake dawowa bayan an kwashe burodin safe, lokacin ni ina aji. Su biyu ne a gidan har azahar. Na rubuta wannan layin na soke, na sake rubutawa. Don Allah kada ki yanke komai tukuna, zato zunubi ne.

Taki,
Auta

*

Auta,

Bayan gaisuwa. Zato kika ce? Kin auna hannunki, kin auna na baƙuwa, saura hannun mutum ɗaya a gidan, kuma kin san faɗinsa kamar yadda na sani. Biri ya yi kama da mutum.

Ina da maƙwabciya da aka yi wa irin aikin nan. Mijinta har kuka ya yi a asibiti, kowa yana sa masa albarka. Da aka dawo gida ya ga abin da ya rage, kallonta ma ya daina yi, daga baya abin ya wuce kallo. Ita ma ƙofa ta riƙa ɗora wa laifi. Kuma kada ki ce mini Baba ba shi da zuciya, ni na gan shi ya jefi mai gashin burodinsa da faranti a kan burodi ya ƙone. Gaskiya ne ban taɓa ganin ya ɗaga wa Umma hannu ba, amma da can Umma ba haka take ba.

Ubana ne, ina rubuta wannan hawaye na zuba. Sai dai hannun uwata ba zai lalace ina jiran a tabbatar ba. Na riga na faɗa wa Kawu, ƙaninta ne, yana da haƙƙi. Zai je ya ji ta bakin Baba, ƙarshen wata kuma mu zo da motarsa mu ɗauke ta. Ki haɗa mata kayanta a hankali, kada ta lura.

Yayarki

*

Yaya,

Sallama. Da ma kin ƙara haƙuri kaɗan. Magana zarar bunu ce, kuma taki ta riga ta fita.

Ranar da takardarki ta zo na kasa koyarwa, na bar wa wata malama ajina na dawo gida da hantsi. Takalmin Baba na ƙofar ɗakin Umma. Ina shiga falo na ji nishinta, irin na wanda ya cije leɓe. Na lallaɓa na ɗaga gefen labule.

Baba ne durƙushe a gaban gado, ya naɗe hannun riga, fulawa ma ba ta gama fita daga gashin hannunsa ba. Ya ɗora hannun Umma a cinyarsa yana murza shi da duka ƙarfinsa, yana tura tafin hannu yana naɗowa, sak yadda yake yi wa kwaɓi a kan teburi. Gumi na ɗiga daga haɓarsa. Yana cewa, "Daure, uwar yara. Abin da ya taurare ba ya saki sai ya sha hannu, ni na san wannan. Waccan yarinyar wasa take yi miki." Ya gama da damtse ya koma kan tabon, wanda ni kaina sai na kau da ido nake shafa wa mai, shi kuwa yana kallonsa yana addu'a. Umma ta juya fuska bango, hawaye na gangara, amma ɗaya hannun nata yana kan wuyansa.

Ban shiga ba. Da ya fita na zauna kusa da ita na ce na gani. Na ce, "Umma, kin san shi ke ƙara miki kumburin nan?" Ta ce ta sani tun ranar farko, ai ita ke jin zafin. Na ce to me ya hana ki faɗa? Ta ce, "Mutumin da ya kwashe katifarsa, na ɗauka ƙyamata yake yi. Ran nan ya shigo da kansa ya ce in kawo hannun. In na ce masa yana ji mini ciwo, ke kin san ubanki, ba zai ƙara taɓa ni ba har abada. Hannu kuwa ina da wani."

Na yi niyyar in samu Baba ni da mai tausa mu yi masa bayani cikin ruwan sanyi. Kafin in yi haka Kawu ya dira, kuma bai zo gida ba, gidan burodi ya wuce. A gaban ma'aikata da masu sarin safe ya tambaye shi me 'yar'uwarsa ta yi masa da yake dukanta a kan ciwo. Mai gashi ya ce mini Baba bai ɗaga murya ba. Tambaya ɗaya ya yi, wa ya faɗa. Kawu kuma ya faɗa masa.

Yanzu gaskiya ta fito, Kawu ya ba da haƙuri har da cire hula, batun mota ya mutu. Hannun Umma yana saɓewa, jiya da kanta ta ɗaura ɗankwali. Amma katifar ta bar falo ma, tana ɗakin ajiyar fulawa a can wurin aiki. Yana aiko da cefane, ba ya zuwa. Umma ba ta cin abinci, ba ta kuma yi mini magana sai dole. Ta ce mun gyara mata hannu, Allah ya yi mana albarka. Yadda ta faɗe shi, gara ta zage ni.

Ni ma ina da kasona, ni na auna yatsun. Amma ke ya kamata ki rubuta masa.

Auta

*

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum, Baba. A durƙushe nake rubuta wannan. Ni na faɗa wa Kawu, ba Auta ba, ba mai tausa ba. Na ji tsoro ne a kan Umma, tsoron ya kai ni inda bai kamata ba. Ba ni da bakin kare kaina. Ka yafe mini, in kuma ba za ka iya yanzu ba, kada ka hukunta Umma da laifina. Ka koma gida, ba ta cin abinci.

'Yarka

*

Uwata,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki. Allah ya yi miki albarka, ya raya miki zuri'a.

Ba fushi ya hana ni gida ba. Na ji wa uwarku ciwo da hannuna ina zaton magani nake yi, sai na ji tsoron hannun. Na je na samu mai tausa na ce ta koya mini. Ta ce in gwada a kan kwaɓin da ya riga ya tashi, in shafa shi daga gefe zuwa gefe, in ya nuna wurin yatsa to na danna da yawa. Na ɓata kwaɓi ba kaɗan ba, yara suna ta dariya a ɓoye. Shekaranjiya na shafa bai nuna ba.

Jiya na mai da katifata ɗaki. Na fara daga wuya kamar yadda aka nuna mini, kafin in kai gwiwar hannu uwarku ta yi barci. Ta tashi ta ci abinci.

Na yafe miki. Ki zo da yaran a yi hutu. Abu ɗaya nake so ki amsa mini in kin zo, da baki, ba a takarda ba. Duk zaman da kika yi a gidan nan, daga goyo har aure, wace rana ce kika ga abin da ya sa maganar nan ta yi miki sauƙin yarda? Na duba iya dubawata ban gano ta ba.

Wassalam,
Babanku