Tambayar Farfesa a Kan Babi na Uku

Yaya Bitrus,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, da Anti Ladi da yara. Ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Mu nan Herwagana lafiya lau.

Ranar Talata na gabatar da aikin digirina na biyu gaban malaman sashen lissafi. Komai na tafiya daidai har na kai babi na uku. Sai wani tsohon farfesa ya ɗaga hannu ya ce, "Rahila, da izinin wa kika shigar da limit cikin intigiral? Ina fanshin ɗin da ya danne sauran duka daga sama?"

Yaya, na tsaya da alli a hannu. Limit da intigiral matakai biyu ne na lissafi da na musanya wa gurbi, fanshin kuma shi ne tsarin lambobin da ake aiki a kansa. Ƙa'ida ba ta yarda da wannan musanyar ba sai da wannan sharaɗin, ni kuwa ban tabbatar da shi ba. A kansa kuma duk babin ya dogara.

Sun ba ni mako biyu. In ban cike giɓin ba sai baɗi, ga hutun karatun da makarantar da nake koyarwa a Kwadon ta ba ni zai ƙare wata mai zuwa. Na samu hujja idan fanshin ɗin na da iyaka, amma marasa iyakar sun gagare ni. Saura kwana tara.

Mama ba ta sani ba, ta riga ta sanar a zumuntar mata ta coci cewa bana zan gama. Don Allah kada ka faɗa mata. Ku dai sa ni a addu'a. A gaida kowa.

Ƙanwarka,
Rahila