Gaisuwa Layi Goma Sha Huɗu

Litinin, 2 ga Yuni

Shugabar asibitinmu ta ce a gyara shafinmu na intanet. Ni na rubuta shi, shekara shida ke nan, a nan teburin karɓar baƙi. An kawo mai gyara, muna ce mata Mai Tabarau. Wai sai an zaunar da mutane sun gwada shafin, ni kuma in yi shiru ina kallo. Shiru ai ba ya ba ni wahala.

Laraba, 4 ga Yuni

Ashe yana ba ni.

Yayata na gayyato. Aka ce ta nemo ranar rigakafin jarirai a wayarta. Tana ta jan shafin da yatsa, ni ina danne bakina da gefen mayafi. Can ta ɗago: "Ke Auta, wannan gaisuwa ce ko huɗuba? Uwa na goye da jariri yana tsala kuka, ke kina tambayar ta ya gajiya!" Mai Tabarau har da ƙwalla don dariya. Ta ƙirga, layi goma sha huɗu. Ni dai an koya mini ba a shiga wa mutum ba sallama.

Daga ƙarshe Yaya ta gano. Ta ce Talata.

Tun bara aka mayar da ita Alhamis.

Alhamis, 5 ga Yuni

Na tuna matar nan mai tagwaye da ta zo wata Talata, na sallame ta ina cewa ta ruɗe ne. Astagfirullah. Ashe ni ce. Na nemo lambarta a rajista, na ba ta haƙuri. Ta yi dariya, ta ce tagwayen har sun fara rarrafe.

Juma'a, 6 ga Yuni

Mun goge shafi ashirin da uku. Har da sanarwar gyaran famfo! Na farko da bisimilla na danna.

Litinin, 9 ga Yuni

Gaisuwa ta koma layi ɗaya, ranar rigakafi a ƙarƙashinta da manyan baƙaƙe. Masu jego uku sun gwada, duk suka gano nan take. Ban ce na fi son sa haka ba.

Na tura wa Yaya saƙo: "Salamu alaikum. Ki duba shafin, ki ba ni amsa da wuri." Sai bayan ya tafi na lura ko gajiya ban tambaye ta ba.