Kwat Ɗin da Ka Ara Mini Ranar Croydon

Zuwa ga Yayana, Habu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa irin wadda ƙane ke yi wa wansa, ina roƙon Allah Ya sa kana kwance cikin rahama. Yau wata huɗu ke nan da aka kai ka makwancinka a Kano, ban samu zuwa ba. Na san wasiƙa ba ta isa inda kake. Na rubuta ta a nan ne, inda 'yan uwa da abokan aiki za su gani, saboda akwai maganar da ka hana ni faɗa, yau kuwa zan saɓa maka.

Sanyi ya shigo London. Ganye ya zube, ƙarfe huɗu na yamma gari ya fara duhu. A irin wannan lokacin ne ka ɗauko ni daga filin jirgi, shekara tara da suka wuce, ina sanye da farar shadda da buɗaɗɗen takalmi, haƙorana sai haɗuwa suke. Kai ɗan wan babana ne, amma ban taɓa bambanta ka da wanda muka fito ciki ɗaya ba. Ka dube ni sama da ƙasa ka ce, "Nura, ɗaurin aure ka zo ko karatu?" Ka cire sikaf ɗinka ka naɗa mini a wuya.

Washegari ka kai ni Deptford, shagunan gwanjo. Wuni muka yi. Kana murza kowace riga da yatsu biyu, kana duba ɗinkin hammata, kana shinshina ulu kamar mai sayen turare. A nan ka koya mini cewa ba a yaƙar sanyi da ƙatuwar riga ɗaya, hawa-hawa ake yi: siririyar riga mai ɗumi a jikin fata, sai shat, sai suwaita marar kauri, sannan kwat. In ka shiga tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, zafi ya dame ka, ka rage ɗaya ba tare da ka zama abin kallo ba. Ka ce kwat a kafaɗa ake gane ta, in kafaɗar ta zauna, sauran aikin tela ne. Ka hana ni baƙi daga sama har ƙasa, ka ce sai ka ce mai gadin kanti. Ruwan toka, ruwan ƙasa, shuɗi mai duhu, su ne naka. Takalmi kuwa na fata, mai kaurin ƙasa, kuma a goge shi tun da yamma, ba da safe ana sauri ba.

Ranar Juma'a ma ba ka yarda mu bar kaftani don sanyi ba. Ɗumi a ciki, kaftani a kai, sai doguwar kwat wadda ta kusa rufe shi. Ka tsani ka ga kaftani na reto ƙarƙashin guntuwar jaket mai kumburi.

Aikinka tafinta ne a asibitoci, kana fassara wa tsofaffinmu da mutanen Zango na Ghana abin da likita ya ce. Kullum kana cewa, "Baƙin mutum a garin nan, kafin ya buɗe baki an gama karanta rigarsa." Kuma a duk kayanka babu wadda kake ji da ita kamar doguwar kwat ɗin nan ta ulu, mai launin raƙumi. Da burushinta na musamman. Ko 'yarka Amina ba ka bari ta taɓa ta da hannun maiƙo.

Ita ka ara mini ranar da zan je ofishin shige da fice na Croydon kan takarduna, shekara biyu da zuwana. A lokacin na samu aiki a gidan rediyo, na auri Saudatu, cikinta wata bakwai, zamanmu a ƙasar duk yana rataye da wannan ganawar. Tsawonmu ɗaya, takalminmu lamba ɗaya. Ka sa mini kwat ɗin da hannunka, ka ɗora mini hularka ta ulu mai ɗan baki a gaba, ka gyara sikaf. Kai kuma ka sa tsohuwar kwat ɗina mai ruwan toka, ka ɗauki hutu ka raka ni.

Ganawar ta yi kyau. Muna dariya muka sauka daga bas a Thamesmead, wajen huɗu da rabi, ana yayyafi. Muka bi ta ƙarƙashin gadar siminti da ke kaiwa flat ɗinmu. Mutum biyu na tsaye a wurin da gwangwanin giya. Ɗaya ya tare hanya, ya tambaye ni inda na sato kwat, ya bi da kalmar zagin nan da suke kiran baƙar fata da ita. Ka ce mini da Hausa, a hankali, "Kada ka tanka. Wuce."

Na yi ƙoƙarin wucewa. Ya tofa mini yawu a ƙirji, a kan ulun. Na tsaya ina kallon wurin. Kafin in ɗago ya cafki sikaf ɗin ta baya, ya murɗa ya ja. Wuyana ya shaƙe. Na sa yatsu ina neman kafa, babu. Idona ya fara ganin baƙi-baƙi, harshena ya cika mini baki. Ka maka masa laima a gwiwar hannu har ta karye. Ɗayan ya kai maka naushi a baki, na ji ƙarar haƙori, ka zube kan gwiwa kana tofar da jini. Da ya ga jinin sai ya ruga da gudu.

Na juyo na buga wa wanda ya shaƙe ni goshi a hanci. Ya yi baya, ƙafarsa ta zame a jiƙaƙƙen siminti, ƙeyarsa ta bugi gefen dakali. Yaya, a nan faɗa ya ƙare. Yana kwance, hannuwansa a buɗe, ba shi da sauran ƙarfi. Da na tsaya a nan, da yau wata wasiƙar nake rubutawa.

Ban tsaya ba. Na shure shi a kai da takalmin nan mai kaurin ƙasa da ka zaɓa mini. Na sake. Na sake. Kansa na kaiwa da komowa kamar ƙwallon da ta sace. Na taka fuskarsa da dunduniya, na ji wani abu ya ba da kai a ƙarƙashin ƙafata. Jini ya fito ta kunnensa. Ina jin wani na ihu, ashe ni ne. Kana kiran sunana ban ji ba, sai da ka rungume ni ta baya ka yi jifa da ni jikin bango, ka zabga mini mari da jinin bakinka a hannunka. Tun da nake ba ka taɓa dukana ba sai ranar.

Wata mata ta leƙo ta taga a sama tana cewa ta kira 'yan sanda. Ka ja ni cikin lungun matakala. Ba ka yi shawara da ni ba. Ka ce, "Cire." Ka karɓi kwat, ka karɓi hula da sikaf, ka durƙusa ka kwance mini igiyar takalmi da kanka. Ka sa su duka, ka miƙo mini kwat da takalmin da ka tuɓe. Ka ce, "Ni ina da takardar zama, kai ba ka da ita. Matarka na kan gwiwa ba da daɗewa ba. Hau sama. In ka buɗe baki ban yafe ba."

Na hau, Yaya. Wannan shi ne abin da na kasa haɗiyewa shekara bakwai. Ba ka ja ni ba, ba ka tura ni ba, da ƙafata na hau. Ta tagar kicin na ga ka koma wurinsa, ka kira motar asibiti, ka durƙusa ka tallafe kansa da hannu biyu har suka zo. Na ga an kifa ka a ƙasa, an murɗe hannunka ta baya, kwat ɗin ta sha taɓo da jini.

Matar tagar ta ce mai kwat launin raƙumi ne ya yi ta shuri. Kyamarar wurin ma abin da ta nuna ke nan, daga nesa, cikin yayyafi, fuska a ƙarƙashin hula. Kai kuma ka amsa laifi tun ranar farko. Ni aka ɗauki bayanina a matsayin ƙanen da ya tsorata ya gudu. Sati biyu ina ɗaure da sikaf har a cikin gida, don kada Saudatu ta ga shatin da ke wuyana.

Ranar yanke hukunci ka aiko in kawo maka kwat da wando masu shuɗi mai duhu, da farar shat, ka ce a goge kwalar da kyau. Na tsaya ina guga hawaye na ɗiga a kan shat ɗin, sai da na sake wanke ta. Ka shigo kotu tsaf, haƙoranka biyu babu. A nan na fara jin sunan mutumin, Dean, shekararsa ashirin da huɗu. Uwarsa ce ta turo shi a keken guragu. Gefen fuskarsa ya lotsa, yawu na zuba, ita tana goge masa da hankici. Ta dube ka da ƙiyayyar da tawa ce. Ka sunkuyar da kai ka karɓa.

Ka zaci abin ba zai yi tsawo ba, tunda su suka fara. Aka ce kare kai ya ƙare tun lokacin da ya faɗi. Shekara shida. Ka yi uku a ciki, ranar fitowa kuma ba gida aka kawo ka ba, jirgi aka sa ka zuwa Najeriya. Takardar zaman da ka dogara da ita ba ta tsare ka ba.

A gidan yarin ma fursunoni ba su bar ka ba. Zuwana na uku na tarar an watsa maka tafasasshen ruwa da sukari a kafaɗa, fatar ta saluɓe har wuya. Na ce zan je in faɗi gaskiya. Ka kama hannuna a kan tebur ka matse har ƙashi ya yi ƙara. Ka ce, "Sai ya zama na ƙone a banza ke nan?" Sannan ka dubi wuyan rigata ka ce maɓallin sama ya kusa tsinkewa, in ba Saudatu ta ɗinke.

Na bi maganarka. Na samu takardu, aka haifi ɗana, na sa masa sunanka, mutane suka yi ta yaba zumuncina. Ina fita tsaf kowace safiya yadda ka koya mini, a ofis har tambayata ake inda nake sayen kaya. Ina murmushi ina ba su amsa.

Amma akwai lissafin da ba ka yi ba, Yaya: Amina. Shekararta goma sha ɗaya lokacin. A makaranta yara suka nuna mata hoton kyamarar a waya. Ta ga ubanta na tattaka kan mutum a ƙasa. Daga ranar ba ta sake yarda ta je ganinka ba. Da ka koma Kano, kana kira tana miƙa wa mamanta wayar. Sallah bakwai ina zuwa gidansu da tsaraba, tana ce mini ni ne baban da take so a ce ta samu. Ina jin haka ina shan shayinsu. Har hawan jini ya kwantar da kai, har ka cika, ba ta ce maka Baba ba.

Ran Lahadi na fara da Saudatu, na faɗa mata gaskiya. Ba ta yi kuka ba. Ta ce ta ga wuyana tun a makon da abin ya faru, ina barci, ta ƙi tambaya don tana tsoron amsar. Kowa da nasa kason.

Ran Talata na je wurin Amina. Yanzu shekararta goma sha takwas, tafiyarka sak. Na faɗa mata komai da Hausa, tana jin kowace kalma. Da na kai wurin matakala ta miƙe. Kofin da ke hannunta ta jefo mini, ya fashe a girata, jini ya rufe mini ido. Ta bi ni da duka da hannu biyu, a fuska, a ƙirji, mamanta na janta tana fizgewa. Ban kare ba. Da ta gaji ta zauna a ƙasa cikin fasassun tangaran, ta ce da Turanci, "You let me hate him," wato na bari ta tsane ka. Can kuma, da wata ƙaramar murya, da Hausar da rabon da in ji ta a bakinta tun tana yarinya, ta ce, "Ina kabarin Babana yake?"

An saya mata tikitin jirgi, da ita da mamanta, ƙarshen wata za su zo maka. Ni ba ta son ganina, kuma tana da gaskiya.

Ran Litinin da safe zan ga lauya, daga nan mu wuce ofishin 'yan sanda. Ya gaya mini abin da zai iya biyo baya, bai ɓoye mini komai ba. Ina tsoro, Yaya, tsoro ƙwarai. Na san ka ce ba ka yafe ba in na buɗe baki. Ka yafe mini wannan ma, kamar yadda ka yafe wanda ya fi shi tun ban roƙa ba. Kai ka ɗauka don ka tsare ni, ni kuma na bari ka ɗauka don na fi son kaina. Ba na so ɗana ya girma da sunanka alhali garin nan na kiran sunan da abin da ba ka yi ba.

Duk wanda ya karanta wannan, ya taɓa zaginka ko ya juya maka baya, yau ya ji. Habu bai taɓa shurin kowa ba. Shi ne ya riƙe kan yaron har taimako ya zo.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Abubakar, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sanyaya fatar da aka ƙona, Ka tufatar da shi da tufafin Aljanna. Ka sanyaya zuciyar Amina, Ka sa ziyararta ta isa gare shi. Ka sauƙaƙa wa Dean da mahaifiyarsa, Ka saka musu abin da na raba su da shi. Ni kuma Ka tsayar da ƙafata ran Litinin, kada in sake hawa sama.

Ka huta, Yayana. Ka huta.

Ƙanenka mai laifi,
Nura
Thamesmead, London