Ƙarfin Garba Bai Kai Fadama Ba

Daren Talata, goma ga watan Safar, Bodinga

Yau na ga iyakar ƙarfin Garba, ɗan ƙanena. Tun da yad dawo daga soja, daga Bodinga har Shagari babu zance sai nashi. Wai ya ɗaga ƙarfe gaban Turawa a bariki, ya fi kowa damtse, har sunka ba shi kofin azurfa. Ranar kasuwa sai ka ga manya da gemunsu suna layin taɓa hannunai.

Da hantsi saniyata mai ciki ta kafe cikin taɓon fadamar Danchadi, har ƙirji. Na aika anka kirawo shi. Yaz zo da farar riga, yat tsaya bisa tudu yana kallo.

Nic ce, "Garba, sauko ka kama igiyar ga."

Yac ce, "Baba, a yi min haƙuri. Wata mai kamawa Bature zai kai ni gasa Kaduna. In jijiya ta gurɗe fa?"

Malam Sani, tsohon da ke noman albasa nan gefe, shi yat tuɓe yash shiga taɓo har ƙugu, manoma huɗu sunka bi shi. Munka yi ta ja har azahar. Ta fito da rai, amma kafin la'asar ta yi ɓari.

Da magariba Garba ya aiko min hotonai, wai in rataye a zaure saboda baƙi. Ga shi nan daga shi sai ɗan kamfai, jiki shafe da mai, ya kumbura kamar kwaɗo. Na mayar mai da abinai.

Gobe, in Allah ya kai mu, zan kai ma Malam Sani damin gero da kaina.