Bayan Baffa Zan Tsaya Ko Bayan Kawu?

Anti Maiturare, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara kafin Asabar ta ƙarshen wata. Yau Litinin, 18 ga Nuwamba 2024, ƙarfe goma na safe, ina rubuto miki daga gindin bishiya a gonarmu, don na kasa zama a gida.

Ni ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Sandamu. Bana na gama digiri a kimiyyar siyasa, ina jiran kiran bautar ƙasa. Binciken da na yi a shekarar ƙarshe kan jam'iyyun Amurka ne. Mahaifina ya rasu ina ƙarami. Wansa, Baffa Saminu, shi ya riƙe ni, kuma har yau Inna, mahaifiyata, a gidansa take zaune. Kawu Abbas ƙanenta ne uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya koya mini riƙon fartanya.

Ranar Juma'ar da ta biyo bayan zaɓen Amurka, ana hira a ƙofar masallaci bayan la'asar kan abin da aka ji a rediyo, sai aka ce tunda na karanta, in yi bayani. Na ce kundin tsarin mulkinsu bai ambaci jam'iyya ba ko sau ɗaya. Na ce jam'iyyun farko sun fito ne daga saɓanin wasu jagororinsu biyu, Hamilton da Jefferson, kan yawan ƙarfin da ya kamata gwamnatin tarayya ta samu. Dimokurat ta kafu wajen 1828, alamarta jaki. Rifablikan ta zo a 1854, masu adawa da yaɗuwar bauta suka kafa ta, alamarta giwa. An sha dariyar jakin. Da a nan na tsaya, da lafiya lau.

Sai na shiga yadda suke fitar da ɗan takara. Na ce yawancin jihohi zaɓen fid da gwani suke yi, amma wasu taro suke yi wanda ake kira kokas. Na ba da misalin jihar Ayowa, inda har zuwa 2020 'yan Dimokurat kan taru a ɗaki, kowa ya je ya tsaya cikin magoya bayan wanda yake so, a ƙirga su kowa na gani. Nan take matasa suka gane shi, ai ƙato-bayan-ƙato ne.

Anti, na manta ƙungiyar manoman garinmu ba ta da shugaba a yanzu, na da ya tsufa ya ajiye. Shugaban ne ke tsara gonar da tarakta za ta fara shiga da yadda za a raba taki. Tun kafuwarta dattawa ke shiga zaure su fito da suna ɗaya, a shafa fatiha. Matasa sun daɗe suna gunagunin cewa gidaje ƙalilan ake fara yi wa huɗa. Sai suka riƙe maganata, suka ce in Amurka na yi, mu ma layi za mu yi. Dattawa suka gaji suka sakar musu. Mutum biyu suka fito: Baffa da Kawu. An sa zaɓen ranar Asabar ta ƙarshen watan nan.

Yanzu yaran da ke bayan Baffa suna kiran kansu Giwa, na Kawu sun karɓi Jaki, wai shi ke ɗaukar kayan talaka. Shekaranjiya an kusa dambe a bakin rijiya. Baffa ya daina tambayata labarin makaranta, gaisuwa kawai yake amsawa. Kawu ya aiko mini da zabo. Ni ɗan ƙungiya ne, gonar mahaifina da sunana take, kuma kowa ya san ni na kawo maganar, don haka idon gari a kaina yake. Inna kuwa ni ne ɗan farinta, ko sunana ba ta faɗa, balle mu zauna mu yi shawara. Na dai ga ta rage cin abinci.

Abin da ke ƙara tayar mini da hankali, an kira magariba ban ƙarasa ba. Ban faɗa musu shugaban Amurka na farko, Washington, ya yi gargaɗi kan ɓangaranci a 1796 ba. Ban faɗa musu cewa da a fili Amurkawa ke zaɓe, mai gida na kallon yaronsa, sai daga 1888 jihohi suka fara komawa ƙuri'ar sirri ba.

Ga abin da ban sani ba. Ban san ko Inna za ta iya ci gaba da zama gidan Baffa in na tsaya bayan Kawu ba. Ban san ko Kawu zai sake taka ƙofarmu in na tsaya bayan Baffa ba. Ban san ko in na ce ba ni da lafiya za a yarda ba. Ban ma san wanda ya fi cancanta a cikinsu ba.

Ɗan Fari, daga ƙasar Sandamu

Wa alaikumus salam, ɗana.

Ka kwantar da hankalinka. Ba kai ka haifi wannan rigima ba, kafin ka buɗe baki tana nan. Matasan suna da gaskiyarsu, wanda aka bar gonarsa har ruwa ya yi nisa dole ya yi magana. Dattawan ma suna da tasu: a zaure ake kayar da mutum ba tare da ya ga fuskar wanda ya ƙi shi ba. Mutanen Ayowa in an watse kowa gidansa zai nufa. Ku kuwa gida ɗaya za ku koma.

Ciwon ƙarya ka cire shi daga ranka. Za a gane, kuma kowannensu zai ɗauka shi ka gudar wa.

Gobe da safe ka durƙusa gaban Baffa, shi ne uba, da shi za ka fara. Kafin azahar ka je wa Kawu. Magana ɗaya za ka faɗa musu, ba ragi ba ƙari: ba ka so a jera 'yan'uwa a rana suna kallon juna, kuma za ka kai roƙo wurin liman da mai unguwa. Kada ɗayansu ya ji ta a bakin wani.

Roƙon shi ne a yi zaɓen, amma a asirce. Ba sai da takarda ba. A ajiye tulu biyu a zaure, ɗaya na Baffa ɗaya na Kawu, a ba kowane ɗan ƙungiya ƙwallon dabino guda, ya shiga shi kaɗai ya jefa. A fasa a ƙirga gaban kowa. Matasa sun sami zaɓensu, dattawa sun sami rufin asirinsu. In aka ƙi, ka nemi a sa ka ƙirga layin, tunda kai ka kawo tsarin. Mai ƙirga ba ya tsayawa bayan kowa.

Inna kuma ka aika mata ta bakin wata babba da take sakewa da ita, a gaya mata abin da ka shirya. Shirunka na cikin abin da ya hana ta cin abinci.

Sannan ka koma ƙofar masallacin nan ranar Juma'a. Rabin labari ka ba su suka ɗauka da gudu, to ka ba su sauran: gargaɗin Washington, da dalilin da ya sa masu jakin da giwar suka ɓoye ƙuri'arsu. Wannan karon ka fara da wuri, kada magariba ta sake katse ka.

Allah ya sa ko wa ya ci, a daren Asabar ɗin Inna ta tuƙa tuwon da Baffa da Kawu za su sa hannu a akushi ɗaya. Allah ya yi maka albarka.

Anti Maiturare