Na Ƙaryata Ganin Watan Baffa, Ya Ɗauke Min Wuta

Anti Zuwaira, don Allah ki taimake ni da shawara. Kaina ya kulle, kuma kwana goma sha biyu kacal suka rage min.

Ni 'yar wani ƙauye ce a bayan Doguwa. Ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Tudun Wada, ina kuma digiri na biyu a Kano. Bincikena a kan taurari yake, amma ba irin na shimfiɗa tabarma ana kallon sama ba. Akwai na'urar hangen nesa mai suna TESS da ke can sararin samaniya tana auna hasken taurari, ana zuba bayanan a intanet kowa ya ɗiba. Ni kuma in sauke su a kwamfuta, ranar da sabis ya ga dama, in zauna ina bin lambobi. Idan hasken tauraro ya ɗan ragu ya dawo, ya sake raguwa a kan ƙa'ida, to wataƙila wata duniya ce ke giftawa ta gabansa. Shekara biyu ina wannan fama. Na taɓa zaton na samu, har na yi ta rawar kai, sai malamina ya kira ni ofis, ya rufe ƙofa, ya nuna min hasken wani tauraro ne na kusa ya ruɗe ni. Yanzu dai na sami wata duniyar da alama za ta tabbata, duk kwana tara take giftawa. Saboda ita wata cibiya a ƙasar waje ta gayyace ni horo na wata shida, suna jiran amsata nan da kwana goma sha biyu.

Ga inda na yi ɓarna. Mahaifina, da muke kira Baffa, shi ne mai duban wata a ƙauyenmu tun ban zo duniya ba. Duk ashirin da tara ga wata yakan dawo da shanu da wuri, ya hau dutsen bayan gari kafin magariba. In ya ce ya gani, dagaci ba ya tambayar kowa, sai ya aika da shaida gaba. Bana, a daren duban watan azumi, ya sauko ya ce ya gani. Yayana Mujitaba ya rubuta a zauren WhatsApp na dangi. Ni kuma, da yake bakina ba ya shiru, na duba lissafi na rubuta cewa ba zai yiwu ba, don a ranar wata ya riga rana faɗuwa, ƙila hayaƙin jirgi Baffa ya gani. Har da ɗan hoton dariya na saka, Allah ya yafe min. Kafin isha'i wani ya tura wa dagaci, dagaci ya ƙi aika shaidar. Ba a ga wata a ko'ina ba, aka cika talatin.

To ni ce da gaskiya, amma me na samu? Samari sun mayar da Baffa abin tsokana a bakin masallaci. Bai ƙara hawa dutsen ba. In na durƙusa na gaishe shi, sai ya amsa kamar baƙuwa ce ta zo tambayar hanya. Da na aika Inna da maganar tafiyata, sai ya ce a tambaye ni ko na taɓa ganin duniyar nan tawa da idona. Ban taɓa ba, Anti, ba wanda ya taɓa. Sai ya ce to wadda ta yarda da ƙarfen da ba ta taɓa gani ba, ta ƙi yarda da idon ubanta, me za ta yi da izininsa?

Wannan magana tana ci min rai. Inna ta matsa min in je in ce lissafina ne ya yi kuskure, a wuce wurin. Yaya zan ce haka? Mujitaba kuma ya ce in tafi abina, zai huce. Ni ba na iya hawa jirgi ba da albarkarsa ba, kuma wallahi na gaji da a riƙa hukunta ni don na iya lissafi. In yi ƙarya, ko in tafi, ko in haƙura?

Mai Auna Haske, Doguwa

'Yata Mai Auna Haske,

Ko ɗaya daga cikin ukun ban zaɓar miki ba. Kada ki ce lissafinki kuskure ne. Baffa ba yaro ba ne, ya san ba a ga wata a ko'ina ba, kuma in kika yi masa ƙaryar lallashi zai gane, ya ƙara jin an raina shi. Kada kuma ki bi ta Mujitaba, wanda ba shi zai kwana da abin a zuciya ba.

Amma ki daina cewa don kin iya lissafi ake hukunta ki. Lokacin da ke kika yi kuskure, malaminki rufe ƙofa ya yi. Ke kuwa a bainar dangi kika gyara wa dattijo, da dariya. Kina da lambar wayarsa a ranar, da sai ki kira shi a keɓe. Abin da za ki nemi gafara a kansa ke nan, kuma ki ambaci laifin da sunansa, ba kame-kame.

Tunda a fili aka zubar masa da girma, a fili za a mayar. Ki rubuta a zauren nan cewa kin yi rashin ladabi. Ki samu kawunki ko liman ya raka ki, ki durƙusa. Tambayarsa kuwa ki amsa ta da gaskiya, don tambaya ce mai kyau: ba ki gani ba, alama kike bi, kin taɓa ruɗuwa, za ki iya sake ruɗuwa. Ina zaton abin da yake so ya ji ke nan, cewa ba shi kaɗai ido ke yaudara ba. Shi ma yana da nasa laifin, don bai kamata ya riƙe makomarki saboda fushi ba, amma liman ne zai faɗa masa wannan, ba ke ba. In kina tunanin a duba masa ido a asibiti, ki ajiye maganar sai zuciya ta sauka.

Ki rubuta wa cibiyar yau, ki roƙi ƙarin mako biyu. Sau da yawa ana bayarwa. Idan Baffa ya yi shiru ranar farko, ki koma washegari, ki kuma komawa. In kin lura, bai ce kada ki tafi ba. Cewa ya yi me za ki yi da izininsa. To je ki ki faɗa masa abin da za ki yi da shi.

Allah ya sanyaya zuciyarsa, ya sa ki tafi da albarkarsa, ki dawo ki same shi lafiya.

Anti Zuwaira